Gurbin Mutum Ɗaya

Ranar Laraba, tara ga watan Nuwamba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran malaminmu kuma babban abokin aikinmu, wanda kowa a sashen lissafi na jami'armu yake kira Mai Jadawali. Tun ranar Litinin ya yanke jiki ya faɗi a kan matakalar bene, ya fito daga wata lacca zai shiga wata. Aka ɗauke shi zuwa asibiti, bai sake magana ba har rai ya yi halinsa. Ina tsaye a gaban allo sakatariyar sashe ta leƙo ta ƙofa, na ga labarin a fuskarta. Ban tambaye ta ba. Na ajiye alli, na ce wa ɗalibai su tashi, malaminsu ya rasu. Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa kowa ya nufa.

Malam, an ɗora mini rubuta ta'aziyyarka a madadin sashe, wai don na fi kowa daɗewa ina gardama da kai. Na karɓa, ko da yake a gajiye nake, gajiyar da barci ba ya ɗauke ta. Ka koyar da ni ina yarinya mai rawar kai a aji biyu, ka duba kundin digirina na biyu, daga baya aka ajiye teburina yana kallon naka a ofis ɗaya, ƙarƙashin fankar nan da ƙararta ta fi iskarta. Kai ka laƙaba mini Uwar Gardama, sunan ya bi ni har gidan mijina.

Ga wanda bai san aikin jami'a ba, bari in faɗi abin da mamacin yake yi, domin mutane da yawa sun ɗauka malamin jami'a lacca kawai yake shiga ya fito. A farkon kowane zangon karatu sai wani ya zauna ya raba kwasa-kwasan sashe a tsakanin malamai: wane ya ɗauki wannan, wance ta ɗauki wancan, wa zai duba kundin binciken 'yan ajin ƙarshe, wa zai tsaya a kan takardun jarrabawar 'yan aji ɗaya, waɗanda in sun cika babban ɗakin lacca har a kan taga suke zama. Bayan rabo sai jadawali, wato wace rana, wace awa, wane ɗaki. Bayan jadawali sai rahoto zuwa ofishin tsare-tsare na jami'a, a nuna awa nawa kowane malami yake koyarwa a mako. Da wannan rahoton hukuma take auna ko sashe yana bukatar ƙarin malamai. Aiki ne da ba ya ƙara wa mutum girma, ba ya kai shi ga zama farfesa, sai dai ya tara masa masu jin haushinsa. Duk wanda aka miƙa wa, nan take yake tuna yana da ciwon baya. Kai kaɗai ka karɓa ba ƙorafi, ka kuma riƙe shi har sunan aikin ya shafe sunanka.

Ba a wurin taro kake rabo ba. Taron dai ana yi, a zauna, a sha shayi, a sa hannu, amma tun kafin ranar ka riga ka gama zagaye ofisoshi da kofinka a hannu, kana tambayar mutane lafiyar gida kamar ba wani abu ya kawo ka ba. A nan kake jin wa ke kai mahaifiyarsa wankin ƙoda Talata da Juma'a, sai jadawali ya fito ranakun nan biyu babu komai a gabansa. A nan ka ji ƙaramar malamarmu ta haifi tagwaye, ba ta kuma da mai raino sai da rana, ka kwashe mata laccocin safe ba tare da ta buɗe baki ta roƙa ba. Da ta zo godiya ka ce mata ba kai ba ne, ɗakunan ne suka ƙi samuwa da safe. Shekarar da maigidana ya yi haɗarin mota ya kwanta wata da watanni, na dawo aiki na tarar an jera mini laccocina kusa da juna, yadda zan fita in kai masa abinci asibiti in dawo. Ban manta ba, shi ma bai manta ba. Da na gaya masa rasuwarka juya fuska ya yi bango.

Akwai malamai biyu a cikinmu da suka ɓata tun kan wani zaɓen shugaban sashe, ko gaisuwa ba sa yi. Ka yi ƙoƙarin sulhu ya ƙi, sai ka koma sulhun jadawali: in wannan yana hawa na ɗaya wancan yana hawa na uku, in wannan ya tashi wancan bai iso ba. Shekaru suka yi suna aiki a gini ɗaya ba su haɗu a matakala ba, kowannensu yana ganin sa'arsa ce. Har Tsohon Farfesa, wanda ya rantse ya gama da 'yan aji ɗaya tun muna makarantar sakandare, ka san yadda kake bi da shi. Ba ka taɓa ce masa ya koyar da su ba. Sai dai ka je ka zauna ka yi ta kukan cewa yaran bana ba su da tushe, kuma ba ka ga mai iya gyara su a cikinmu ba. Kafin shayinka ya huce ya ce a ba shi su ya gani. Ina kyautata zaton ya gane dabarar tun a karon farko, daɗin lallashin ne yake ji.

Da muna da yawa, da duk wannan ya tsaya a labarin kirki. Amma sashen ya yi ta zubewa. Biyu suka yi ritaya, ɗaya ya tafi ƙaro karatu waje ya aiko da takardar ajiye aiki, ɗaya Allah Ya yi masa rasuwa, ba a maye gurbin ko ɗaya ba, ɗalibai kuwa kullum ƙaruwa suke. A daidai lokacin ne jami'a ta daina karɓar rahoto a takarda, ta kawo manhajar kwamfuta. Manhajar tana da ƙa'ida: kowane malami yana da iyakar awoyin da aka yarda ya koyar a mako, in ka rubuta masa fiye da haka sai layinsa ya koma ja, rahoton gaba ɗaya ya ƙi tafiya. An yi hakan ne don a kare malamai daga wahala, ban kuma ce da mugun nufi aka yi ba. Sai dai an bar wata 'yar ƙofa. Kwas ɗin da ba shi da mai koyarwa ana iya rubuta shi a ƙarƙashin “malamin da ake jira”.

Ta wannan ƙofar ka shiga. Kowane zango sai ka cika wa kowa awoyinsa daidai ƙa'ida, ka cika naka, kwasa-kwasai uku da suka yi saura ka jera su ƙarƙashin malamin da ake jira, rahoto ya tafi kore shar. Ranar da aka fara karatu kuma sai a gan ka da alli a aljihu ka nufi ajin malamin da ake jira. Ba ɓoyayyen abu ba ne. Shugaban sashe ya sani, shugaban tsangaya ya sani, masu shara ma sun sani. Har suna muka sa wa wannan malami, muna ce masa Dakta Yana-Tafe. In an kawo lemo a taro sai wani ya ce a ajiye wa Dakta nasa. Wata shekara sakatariya ta ce ya kamata a duba batun ƙarin girmansa, tunda bai taɓa fashin aji ba, bai kuma taɓa neman hutu ba. Muka yi dariya har da ƙwalla, kai ma ka yi, kana murza idanunka da bayan hannu.

A nan muka raba gari ni da kai. A ganinka rubuta “ana jira” zango bayan zango shi ne kukanmu, kuma wata rana wani a ofishin tsare-tsare zai ji. Ni kuwa na je ofishin da ƙafata na ga yadda suke karatu. Ba layin wanda ake jira suke kallo ba, sakamakon jarrabawa suke kallo a ƙarshen zango. Kwas ya fito da sakamako a kan lokaci? To an koyar da shi. An koyar da shi? To sashen bai rasa malami ba. Jami'in da na samu, mutum mai fara'a da ladabi, har yaba mana ya yi, ya ce da sauran sassa za su yi koyi da mu da aikinsa ya yi sauƙi. Na fito ina jin kamar in zauna a ƙasa.

Na dawo na same ka kana duba takardu, na ce, “Malam, don girman Allah ka bar azuzuwan nan uku zango ɗaya tak. Kada ka shiga. Ɗalibai su yi ihu, iyaye su yi waya, hukuma ta ga ramin da idonta. Wallahi sai sun ɗauki malamai.”

Ba ka ɗago ba, ka ce, “Uwar Gardama, maganarki daidai ce.”

Na ce, “To?”

Ka ce, “To wane zangon? Zaɓo mini. Ki faɗa mini 'ya'yan wa za mu bari su maimaita shekara don hukuma ta yi hankali, ni kuma in je in gaya musu.”

Na ce ai da wannan tausayin ake cin ka. Ka ce ka sani. Wannan amsar ita ta fi ƙona mini rai, domin mutumin da ya yarda kin fi shi gaskiya amma ya ɗauki allinsa ya fita, ba ki da sauran abin ce masa. Mun maimaita wannan gardamar a farkon kowane zango har abokan aiki suka haddace ta, in mun fara sai su ɗauki kofunansu su ba mu wuri.

Ba zan ce aiki ne ya kashe ka ba. Kwana ne ya ƙare, ko a kan gado kake kana hutawa ranar ba za ta wuce ba, wannan imanina ne. Amma gajiya na gan ta da idona, kuma ba zan rubuta ta'aziyya in ɓoye ta ba. Na ga lokacin da ka fara zare takalmi a ƙarƙashin tebur saboda ƙafa ta kumbura. Na ga maganin hawan jini a aljihun teburinka, kwalin yana daɗewa fiye da yadda likita ya tsara, don rabin ranakun mantawa kake. Na sha ɗagowa bayan azahar in ga barci ya sace ka a zaune, jan biro a hannu, tulin takardun jarrabawa ya kusa kai maka kafaɗa. Nakan yi shiru, in hana kujerata ƙara. In ka farka sai ka ce tunani kake yi. Binciken da ka fara tun kafin a kawo manhaja yana nan cikin kwali a saman kabad. Tsararrakinka duk sun zama farfesoshi, kai kana nan a matakin da na same ka. Wata rana da yamma muna saukowa daga bene ka ce mini, “Na gaji, ƙanwata.” Sau ɗaya ke nan na ji ka faɗa. Kafin in sami abin cewa ka canza magana, ka koma tambayata ko ɗana ya sami makaranta.

Maza sun dawo daga jana'izarka suna cewa ba su taɓa ganin ɗalibai sun cika maƙabarta haka ba, har da waɗanda suka gama tun tuni, wasu da 'ya'yansu a hannu. Shugabannin jami'a sun zo gaisuwa, sun yi magana mai daɗi. Shugaban tsangaya ya ce a zamaninka sashenmu bai taɓa makara da rahoto ba. Gaskiya ya faɗa, da zuciya ɗaya kuma ya faɗa, amma sai da na danne harshena.

Na shiga ciki wurin mai ɗakinka, wadda nake kira Yaya tun ina ɗaliba ina zuwa gidanku karɓar gyaran kundi. Tana zaune a falo, gefen teburin cin abincin nan da rabinsa ya daɗe da zama ofis. Takardun gwajin 'yan aji ɗaya suna nan a kai, an lulluɓe su da zane don kada masu gaisuwa su zuba musu ruwa. Da mutane suka ragu ta kamo hannuna ta zaunar da ni kusa da ita.

Ta ce, “Ƙanwata, ke ce kullum kike masa faɗa, yakan dawo ya ba ni labari yana dariya. Ni ma na yi har na gaji. Yanzu ga shi ya tafi, kayan kuma suna nan. Na san ke za su ɗora wa.”

Na ce ba za su iya ba.

Ta ce, “Ki yi mini alkawari. Kina da miji, kina da yara, ke ma na ga kin fara shan maganin nan. Kada ki ɗauki kayansa. Ki bar su su ga abin da ya ɗauke musu.”

Na yi mata alkawari, Malam, da sauri ma na yi, domin abin da na yi shekaru ina faɗa ne aka roƙe ni in aikata.

Ba a daɗe ba takarda ta iso daga ofishin magatakarda. Bayan ta'aziyya, an amince sashen lissafi ya ɗauki malami ya maye gurbinka. Malami ɗaya. Haka rahoto ya nuna, layinka awoyin mutum ɗaya ne cif, ba ƙari ba ragi, kuma da hannunka ka cika shi. Kwasa-kwasan nan uku ba a ko ambace su ba. Shi ma ɗayan da aka amince sai an yi talla an yi ganawa, wato sai baɗi in Allah Ya kai mu. Aka kuma ce mu aiko da rahoton gyara, tunda an sami canji a sashe.

Shugaban sashe ya kira taro, karon farko da muka zauna rabo ba a riga an zagaye mu da kofin shayi ba. Sai ga mu kamar baƙin juna, kowa yana kallon ƙasa. Kwasa-kwasanka na ƙa'ida aka yayyaga aka raba. Tsohon Farfesa, Allah Ya saka masa da alheri, ya ɗaga hannu ya ce a ƙara masa 'yan aji ɗaya, ba tare da kowa ya lallashe shi ba. Biyu daga cikin ukun nan na malamin da ake jira aka yarda a ɗage su zuwa zango mai zuwa, tunda masu su suna da sauran shekaru a gaba. Saura ɗaya, kwas ɗin dole na 'yan ajin ƙarshe, wanda in ba su yi shi ba ba za su fita bana ba. A duk sashen mutum biyu ne suka karanci fannin, kai da ɗalibarka. Idanu suka juyo kaina. Aka haɗa mini da aikin jadawali da rahoto, wai na fi kowa sanin yadda kake yi.

Na ce rahoto na karɓa, aji kuwa ba zan shiga ba, na faɗi dalilina a gaban kowa. Shugaban sashe ya ce, “Malama, yaran fa?” Na ce ya tambayi ofishin tsare-tsare. Na fita ina jin ƙarfi a jikina, na ce yau dai za a gwada maganata.

Mako ya wuce, wani ya shiga. Babu ihu, babu wayar iyaye, hukuma ko motsi ba ta yi ba. Ɗaliban ba su zo ofishina roƙo ba, da sun zo da na ji daɗin korarsu. Abin da ban sani ba shi ne ba su daina zuwa aji ba. Wata rana da hantsi ina wucewa ta barandar hawa na biyu zan je ɗakin karatu, sai na ji ƙarar alli daga ɗakin da kake koyar da su. Na leƙa ta taga. Suna zaune reras, kowa a kujerarsa. A gaban allo shugaban ajinsu ne, wani magidanci mai furfura a gemu, malamin firamare da ya sami hutun ƙaro ilimi, hutun kuma bana zai ƙare. Yana riƙe da littafi yana ƙoƙarin ci gaba daga inda ka tsaya. Sun kai wata doguwar hujja, ya rubuta layukan farko daidai, can tsakiya sai ya raba da abin da zai iya zama sifili, kuskuren da ke rushe duk abin da ya biyo bayansa. Bai lura ba. Ajin gaba ɗaya suka sunkuya suna kwafa.

Na ce wa kaina in wuce. Na ma wuce, har na kai bakin matakala. Amma kai ka san cutarmu, ba ma iya ganin layin da ba daidai ba a kan allo mu kau da kai. Na dawo na tura ƙofa da niyyar in gyara layin nan ɗaya in fita. Na ce, “Haba Malam, ba ni allin nan, wa ya ce maka ana rabawa da wannan?” Ya miƙo mini da hannu biyu, ya koma cikin ɗalibai ya zauna, ya buɗe littafinsa. Na gyara layin, sai na ƙasansa ya zama dole. Wata daga baya ta ɗaga hannu ta yi tambaya, tambaya mai kyau, irin wadda in an yi maka kake gyara tsayuwa. Da na waiga na ga agogo, awa ta cika. Ba wanda ya yi tafi, ba wanda ya yi dogon godiya. Shugaban ajin ne kawai ya biyo ni bakin ƙofa ya ce, “Malama, ranar Alhamis mu zo da littafi na biyu, ko na farkon ya isa?” Na ji bakina yana cewa su zo da na biyu.

Na koma ofis na zauna ina kallon kujerarka, na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwarka. Rabinsa kewarka ce, rabinsa haushi. Har yanzu ina nan a kan bakana cewa hanyarka kuskure ce, kuma da kana raye da na sake gaya maka. Sai dai yanzu na san yadda ƙafa take yin nauyi in mutum ya zo wuce ƙofar nan.

Abu ɗaya ne ban bi ka a kai ba. Da na zauna cika rahoton gyara, na rubuta wa kowa awoyin da yake koyarwa a zahiri, ni da Tsohon Farfesa da mai tagwaye da kowa da kowa. Shafin ya yi ja daga sama har ƙasa, ya ƙi tafiya. Sakatariya ta tsaya a kaina ta ce, “Malama, in mayar da su wurin wanda ake jira? Yanzun nan zai wuce.” Na ce ta bar shi. Na buga shi a takarda da jansa na kai ofishin tsare-tsare da hannuna. Jami'in nan mai fara'a ya ce ba sa karɓar takarda, na ajiye masa a tebur na fito. Yau sashenmu ne kaɗai a tsangaya da bai miƙa rahoto ba. Sun yi waya, sun aiko, shugaban sashe ya daina amsa gaisuwata da sakin fuska. Ban sani ba ko malami wannan zai kawo mana ko takardar gargaɗi zai kawo mini, ba ni ma da ƙarfin yin hasashe. Na dai san ajin yana tafiya, kuma ƙafata ta fara ciwo da yamma.

A madadin sashen lissafi ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanka, babbar da ke aikin jinya da ƙannenta biyu, waɗanda suka yi tarayyar uba da ɗaruruwan 'ya'yan mutane ba tare da an tambaye su ba. Ina miƙawa ga ƙannenka da sauran dangi, da ɗalibanka na da da na yanzu, da mu kanmu da muka saba a tambaye mu lafiyar gida. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya tsaya wa abin da ka bari.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata makwancinka Ya haskaka shi. Duk awar da ka tsaya a gaban allo ba a rubuta ta da sunanka ba, Allah Ya sa ka same ta a rubuce a wurinSa. Ya ba ka hutun da ba ka samu a nan ba, Ya sa Aljanna ce makoma, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Sai ke, Yaya. Na bar ki a ƙarshe don ban san da wace fuska zan zo miki ba. Tun ranar da na shiga ajin nan nake ɗaukar waya in ajiye, na kuma zo har bakin layinku na juya. Gara ki ji daga gare ni kafin ki ji a bakin wani: alkawarin da na yi miki na karya shi. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya sanyaya miki zuciya, ki kuma yafe mini. Addu'ar nan da kika saba yi masa in zai fita da safe, don Allah kada ki daina, ki sa sunana a ciki.